Tas da Dum: Yadda Na Koyi Sauraren Harbin Nesa

A Depot na Zariya an koya mana riƙon bindiga, da kwance ta, da haɗa ta, da yin bara. Sauraren bindiga kuwa sai da na yi shekaru cikin kaki, aka tura ni kwas ɗin harbin nesa a wani filin harbi na soja a jihar Kaduna, sannan na koye shi. Ba a layin maharba na koya ba, a ɗaya ƙarshen filin ne, can inda harsashi ke sauka.

Filin miƙaƙƙe ne, an yi masa layuka a mita 100, 200, 300, har zuwa 600. A ƙarshensa akwai tudun ƙasa mai kauri, bayan tudun akwai dogon rami na siminti da 'yar rumfar kankare bisa kan masu zama a ciki. Gaba da ramin kuma akwai wani babban tudu wanda harsasai ke nutsewa a cikinsa. Allunan harbi suna kan firam ɗin ƙarfe, ana tura su sama su leƙo bisa tudun, ana janyo su ƙasa. Kowace safiya sai a raba mu biyu, rabi su kwanta a layi, rabi su shiga rami. Aikin ɗan rami shi ne ya ɗaga allo, a harba, ya janyo shi, ya nemo hudar, ya nuna wa maharbi inda ya samu da doguwar sanda mai faifai a kai, ya liƙe hudar da takarda, ya sake ɗagawa. Akwai jar tuta a kan tudun. Muddin tana sama babu mai taɓa kunamar bindiga, in an sauke ta kuwa babu mai ɗaga kai a cikin rami.

Galibin sojoji ba sa son wannan aiki. Ga zafi, ga ƙura, ga shi mutum yana ganin 'yan uwansa na can suna harbi shi yana liƙe takarda. Sajen da ke kula da ramin, wani dattijo da furfura ta fara cin kansa, shi cewa yake ramin ne makarantar. Kafin a sauke tuta ya dube mu ya ce, "Wanda ke layi bindigarsa kawai yake ji. Ku da ke nan za ku ji abin da wanda ake harbi yake ji, kuma ku fita da ranku. To ku buɗe kunne."

An fara daga mita 100 da bindigar FN. Abin da ya iso kunnena ƙara ɗaya ce mai kai biyu, ta-dum, a manne da juna. Da aka ja da baya zuwa 300 sai ta rabu gida biyu ƙarara. Da farko wata ƙara mai kaifi bisa kanmu, tas, wadda ke sa mutum ya noƙe wuya ko ba ya so, kuma kusan tare da ita ƙura ta tashi a tudun baya. Sai ɗan shiru da bai cika rabin sakan ba. Sannan daga can nesa wata ƙara mai nauyi, marar kaifi, dum. Harbi ɗaya, ƙara biyu, kuma mai ƙarfin ba ita ce ta bindigar ba.

Wani kofur a cikinmu ya ce, "Oga Saje, ai tas ɗin nan ƙarar harsashi ce yana huda allo." Saje bai yi masa gardama ba. Ya ɗauki oba-oba ya nemi a harba guda ɗaya bayan mun sauke allon gaba ɗaya, harsashin ya ratsa iska zalla ya faɗa tudun baya. Tas ɗin bai ragu da komai ba.

Da yamma a aji wani kyaftin ya warware mana abin a kan allo. Sauti ba ya isa wuri nan take, tafiya yake a cikin iska, kuma an san gudunsa: mita 331 a sakan ɗaya idan sanyi ya kai digiri 0, sannan kowane digiri ɗaya na zafi yana ƙara masa wajen mita 0.6. A irin ranarmu mai digiri 35 ke nan wajen mita 352 yake yi. Harsashin FN kuwa yana barin bakin bindiga da gudun wajen mita 840 a sakan, na G3 wajen 800, na AK-47 wajen 715. Ko mafi nawarsu ya ninka gudun sauti. Saboda haka ƙarar fashewar albarushi a bakin bindiga, wato dum, tun daga tashi harsashi ya bar ta a baya, tana biyo shi a hankali.

Shi kuma tas, harsashin ne ke yin sa da jikinsa a kan hanya. Tunda ya fi sauti gudu, iskar da ke gabansa ba ta samun labarin zuwansa balle ta kauce. Sai ya danne ta, ta taru ta zama wani siririn shinge mai matsi, tsininsa a kan harsashin, bakinsa yana buɗewa ta baya. Duk inda gefen wannan shinge ya shafi kunne, nan ake jin tas. Abin da ke faruwa ke nan a bakin bulala idan gwani ya kaɗa ta, ƙarshenta ne ke wuce gudun sauti. Kyaftin ya nuna mana wani tsohon hoto da wani masanin kimiyya, Ernst Mach, ya wallafa a 1887, na harsashi yana cikin tafiya, ga layuka biyu sun fito daga tsininsa sun karkata baya. Daga sunan mutumin nan aka samo ma'aunin da ake faɗin gudun jiragen yaƙi da shi. Na daɗe ina kallon hoton, domin ga abin da ya sa ni noƙe wuya da safe an kama shi a takarda tun kafin a haifi kakana.

Daga nan lissafin ya zo da sauƙi. A mita 100 harsashin FN yana isowa cikin wajen sakan 0.13, sauti kuma 0.28, tazarar ta yi ƙanƙanta, shi ya sa suka manne. A 300 harsashi na cin wajen 0.4, sauti 0.85. A 600 harsashi na cin kusan sakan ɗaya, sauti 1.7. Da muka koma rami aka yi harbi daga 600 na tabbatar da haka da kunnena. Shirun da ke tsakani ya yi tsawon da mutum zai iya haɗiye yawu a cikinsa, kuma dum ɗin ya yi laushi sosai, har in ana hira a rami zai iya wuce ka.

Saje ya koya mana amfani da wannan shiru. Da ka ji tas sai ka fara ƙirga a zuci da sauri, ka tsaya in ka ji dum. Rabin sakan, mai harbin yana wajen mita 300. In ya doshi sakan ɗaya, yana 600 ko fiye. Mun yi ta maimaitawa, ana sauya layi ba tare da an gaya mana ba, kowa ya rubuta nisan da kunnensa ya ba shi a takarda, Saje ya bi yana dubawa. Da farko ƙirgar ce ke gagara, domin tas yana razana mutum ya manta da ita. A hankali sai na daina ƙirga da lamba, tsawon shirun da kansa ya zama abin da nake ganewa.

Abin da ya sa nake ganin girman dattijon nan shi ne bai bar mu da wannan ƙa'ida kamar ba ta da iyaka ba. Wata rana ya sa aka kawo AK-47 layin 600. Harsashin AK gajere ne, bai kai na FN nauyi ba, iska tana cin gudunsa da wuri. Ya tashi da 715, kafin ya kai mita 300 ya sauko wajen 460, a kusa da mita 500 kuwa ya faɗo ƙasa da gudun sauti. Da zarar ya faɗo ya daina yin shingen nan. Muna rami muna jiran tas, sai muka ji wani fiii a sama, da ɗan tas mai rauni da ya rage daga baya, sannan dum. Tazarar kuma ba ta fi wadda muka saba ji a 300 ba, domin harsashin ya daina tsere wa sauti, sautin ma ya fara rage masa rata. Wanda ya bi ƙa'idar ido rufe zai ce mai harbin na kusa, alhali yana ninkin wannan nisa. Harsashin FN ma haka yake yi, sai dai shi sai ya doshi mita 900. Saje ya ce, "Kafin ka auna nisa, fara sanin wace bindiga ce ke magana." Ya kuma ƙara da cewa kada wanda ya raina harsashin da ya daina tas, har yanzu yana kashe mutum.

Darasin da ya fi zama mini a rai shi ne na gane ɓangare. An zaunar da mu bayan wani tudu mai tsawo, aka ɓoye maharba a wurare daban-daban a cikin jeji, kowanne an daidaita masa inda harsashinsa zai bi, can sama da mu ko ta gefe, nesa da inda zai taɓa wani. Umurnin shi ne da an harba kowa ya nuna da hannu inda mai harbin yake. Harbin farko harsashi ya bi ta damarmu, hannaye kusan duka suka tafi dama. Mai harbin kuwa yana gabanmu sak.

Dalilin yana cikin hoton nan na Mach. Tas ba daga bindiga yake fitowa ba, daga kan hanyar harsashi yake, daga wani wuri kaɗan kafin inda ya gifta ka. Idan harsashi na gudu ninki biyu na sauti, shingen yana buɗewa da kusurwar digiri 30 a kowane gefe, kuma ƙarar tana iso maka a karkace da wajen digiri 60 daga layin da harsashin ya biyo. Kunne bai yi ƙarya ba, daga can ƙarar ta zo. Amma babu kowa a can. Ga shi kuma ita ce mai ƙarfi, ita ce ta farko, jiki yana amsa ta kafin hankali ya iso. Aikin da aka sa mu shi ne mu ƙyale ta ta wuce, mu kwanta, mu jira ƙaramar da ke biyo baya, mu bi ta da ido. Wannan jiran na rabin sakan shi ne ya fi komai wuya a kwas ɗin, ya fi bara wuya. Kuma in harbin jere ne, tas na harsashi na biyu yana hawa kan dum na farko, komai ya cakuɗe, sai dai ka saurari dum na ƙarshe bayan an tsagaita, shi kaɗai ne ke fitowa sarai.

Tun daga ranar na fahimci abin da ya sa mutane biyar za su ji harbi ɗaya a gari ko a ƙauye, kowa ya rantse daga wani ɓangare daban ya fito, wani ma ya ce harbi biyu ya ji. Ba ƙarya suke ba, kowa abin da ya iso inda yake tsaye ya faɗa. Yana damuna in na tuna mutanenmu na karkara da ke jin wannan ƙara cikin dare a 'yan shekarun nan, ba tudu ba rami, kuma ƙarar farko ce ke zaɓa musu inda za su gudu.

Da aka juya, mu muka koma layi, sai na tarar da wata duniya daban. Maharbi ba ya jin tas ɗin harsashinsa kai tsaye, domin shingen gaba yake tafiya, sai dai ya ji shi ya dawo daga jikin bishiyoyi ko tudu. Fashewar bakin bindiga ce ke cika masa kunne. Shi ya sa bututun rage ƙara da ake ɗaura wa bindiga bai kai yadda ake nuna shi a fim ba: dum yake ragewa, tas yana nan yadda yake muddin harsashin ya fi sauti gudu. A layin 600 an rataya mana faranti na ƙarfe. Ka danna kunama, bindiga ta doke ka a kafaɗa, ta dawo, ka sake kama allo a ido, ka ga farantin ya motsa, amma shiru. Harsashi ya ci sakan ɗaya yana tafiya, ƙarar ƙarfen kuma sai ta ci 1.7 tana dawowa. Sai bayan kusan sakan uku sannan ƙwal ɗin ya iso. Wanda bai saba ba har ya fara jan tsaki yana zaton ya kuskure.

Yanayi ma yana da nasa hannun. Bambancin gudun sauti tsakanin asubar hunturu mai digiri 15 da azahar mai digiri 35 bai taka kara ya karya ba, 340 ne da 352, a mita 600 bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. Inda yanayi ke aiki shi ne wajen lanƙwasa sautin. Da asuba ƙasa ta huce, iskar da ke kwance a kanta ta fi ta sama sanyi, saboda haka saman sautin ya fi ƙasansa gudu, sai ya rusuno ya bi ƙasa. A irin wannan lokaci dum daga 600 yana zuwa cikakke, kuma mutanen ƙauyukan da ke nesa da filin suna jin mu sarai. Da rana ta take kuwa ƙasa ta yi zafi, abin ya juye, sautin ya lanƙwashe sama ya bi ta kanmu, dum ya zama ɗan ƙaramin abu. Iska ma haka. Ba ɗauke sauti take ta tafi da shi ba kamar yadda ake cewa, gudunta bai kai na sauti ko kusa ba. Amma tunda ta fi ƙarfi a sama, in tana kaɗowa daga maharbi zuwa gare ka sai ta rusuno da sautin, in kuwa daga gare ka take tafiya sai ta ɗaga shi. Akwai ranar da iska ta juya mana baya sosai, muna jin tas bayan tas, dum kuwa sai mun kasa kunne da kyar.

Laushin da dum ke yi a nesa shi ma da dalilinsa. Duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin ƙara yana raguwa da desibel 6, wato ma'aunin da ake auna ƙara da shi. Ban da wannan, iska tana shanye siraran sautuka fiye da masu kauri, musamman busasshiyar iska irin ta hunturu, ciyawa da ƙasa mai laushi ma suna shan nasu. Abin da ya bar bindiga da kaifi sai ya iso da kaurinsa kawai. In kuma akwai dutse ko dogon gini a kusa, amsa-kuwwa za ta ƙara ƙara ta uku, wani lokaci ma ta fi ta ainihi fitowa.

Da dare aka koma ga ido. Haske ba ya ɓata lokaci, don haka in ka ga walƙiyar bakin bindiga sai ka ƙirga har dum, kowane sakan ɗaya mita 340 zuwa 350, sakan uku kilomita ɗaya da 'yan kai. Wannan ya fi na tas tabbas, domin babu ruwansa da irin harsashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa nesa da 'yan bindiga ranar Hawan Sallah ya ga haka, hayaƙi ya turnuƙe tukuna sannan ƙarar ta iso. Kyaftin ya ce da wannan dabara wani limamin coci a Ingila, William Derham, ya auna gudun sauti a farkon shekarun 1700. Yana hawa hasumiyar cocinsa a Upminster da madubin hangen nesa, yana kallon walƙiyar bindigogi daga wuraren da ya san nisansu, yana auna jinkirin ƙarar. Abin da ya samu, wajen mita 348 a sakan, bai yi nisa da wanda muke aiki da shi ba.

Akwai magana ɗaya da nake yi wa duk ƙaramin sojan da ya shigo hannuna. Ƙarar bindiga irin FN a kunnen mai harbi tana kaiwa wajen desibel 160, alhali daga 140 harbi ɗaya tak yana iya yi wa kunne lahani na dindindin. Kuma siraran sautuka ne ke fara tafiya. Ku lura da tsofaffin maharba, da yawansu kunnen hagu ne ya yi nauyi, domin mai harbi da dama kunnensa na dama yana fakewa a jikin kafaɗa da gindin bindiga, na hagu ne ke fuskantar baki. Sajen namu ma in za ka yi masa magana sai ya juyo maka da dama. Matoshin kunne ba ragwanci ba ne a filin harbi. Gane ɓangare da kunne biyu ake yi, ƙwaƙwalwa tana kwatanta abin da ya iso wannan da abin da ya iso wancan, in ɗaya ya yi rauni duk abin da aka koya a bayan tudu ya ragu.

Kafin mu tashi daga kwas na nemi izini na ɗauki sautin ramin da waya, da niyyar in riƙa kunna wa yarana a bataliya. Da na saurara sai na tarar wayar ba ta iya ɗaukar abin ba. Ƙarfin tas ya fi ƙarfin makirfonta, ta yanke shi ya zama ɗan ƙas, ta kuma rage murya da kanta don kare kanta, dum ya iso daidai lokacin da ta rage, da kyar ake jin sa. Ɓangaren da kowace ƙara ta fito kuwa babu shi sam. Na nuna wa Saje, ya kara wayar a kunnensa na dama, ya miƙo mini, ya ce, "Kofur, in kana son su iya, nemo musu rana a kawo su rami." Da na koma bataliya na rubuta wa kwamandan kamfaninmu takardar neman haka, kuma a zagayen harbi na gaba aka sa ni kula da 'yan rami.